Kawuna Ba Mai Gyaran Kwamfuta Ba Ne

Ban ji daɗin abin da aka yi ta faɗa a zaman makokin Kawu ba, kuma ba zan ɓoye ba. Kwana uku ina zaune a tsakar gidansa a Gobarau, mata na shiga suna fita. Kowacce in ta gama "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya sa ya huta", sai ta gyara mayafi ta ɗora da "Allah sarki, mai gyaran kwamfuta." A ƙofar gida ma haka maza suka wuni suna yi. Har wani Alhaji maƙwabcinsa ya ba da shaida a gaban jama'a cewa marigayi ya taɓa gyara masa waya a tsaye, kafin a tayar da sallah. Allah ya yafe wa Alhaji. Kawu bai taɓa gyara wayar kowa ba. Tasa ma in ta ƙi, kifa ta yake yi a kan tabarma ya ce a bar ta ta huta.

Matarsa, wadda duk muke kira Inna, tana gefena tana jin su. Da suka ragu ta karkato ta ce mini, "Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu ni ke hawa kujera, shi yana riƙe da ƙafar kujerar yana ba ni shawara."

A rana ta biyu wata baiwar Allah ta shigo da kwamfutar ɗanta naɗe a zani. Ashe ba ta ji rasuwar ba. Ta zauna ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta yi hawayenta na gaskiya, sannan ta dubi ƙullin da ke cinyarta ta ce, "To yanzu wa zai duba mini?" Inna ta ce, "Ko yana nan, Hajiya, da haka za ki koma da ita."

Shi ya sa na ɗauki biro. In ban rubuta ba, jikokinsa za su tashi suna zaton kakansu mai sukundireba ne.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma sana'arsa rubuta manhaja. Ya yi aikinsa a wani ofis a GRA har ya yi ritaya, yana rubuta wa na'ura abin da za ta yi, layi bayan layi, da wani harshe da ake kira C++. Bayan ritaya ya rubuta abu ɗaya da ya fi ƙauna, manhajar koyon karatu ta ajinmu na manyan mata da ke Ƙofar Kaura. Hoto ya fito, kalma ta fito a ƙasansa, sai muryar Kawu ta faɗe ta a hankali. Mata da yawa a unguwar nan da muryarsa suka fara haɗa baƙi da wasali, wasu ma ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Ranar sadakar uku shugabar ajin, Malama, ta ja ni gefe. Ta ce tsohuwar kwamfutar ajin ta kusa tafiya, sai an lallaɓa ta take tashi. An kawo sababbi, kuma babban ɗan Kawu, wanda shi ma rubutun manhaja yake yi a Abuja, ya sake haɗa aikin mahaifinsa a kansu. Komi yana tafiya daidai har a zo darasin kayan miya. Hoton kuɓewa na fitowa, sai manhajar ta mutu. Ta ce ranar Asabar, washegarin sadakar bakwai, za a koma aji. In ba a gyara ba dole ta cire, ta sa wata da ta samo a intanet, mai muryar da ke kiran tukunya kamar ana shaƙe ta.

Ɗan Kawu taubashina ne, tsakaninmu ba a awon magana. Na fita har zaure, a gaban abokan ubansa, na ce, "Kai, shekara nawa abin nan yana aiki lafiya? Ka zo daga Abuja da sabbin na'urorinka ka ɓata aikin ubanka tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

Ya ce, "Yaya Injiniya, a yi haƙuri, zan duba."

Na ce, "Ka duba da idon da Allah ya ba ka, ba na gilashin gayu ba."

Tsofaffin suka yi ta murmushi cikin rawani. Na koma ciki ina jin na kare mutuncin mamaci.

Yadda aka yi na zama Injiniya a bakin wannan mara kunya, ga shi. Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da ɗiyata ta fari. Na gaji da dangwala yatsa a takarda kamar mai ɗanɗana miya. Na koyi baƙaƙe, amma in aka ce in karanta a fili sai harshena ya yi nauyi, in ji kamar duk garin Katsina ya leƙo ta taga. Kawu ya ji labari. Ya aiko a kira ni, ya ce idonsa ya yi rauni, yana neman mai karanta masa takardu. Wata da watanni kullum da hantsi ina zuwa. Na karanta masa takardar magani, katin ɗaurin aure, har rubutun jikin gwangwanin madara. In na yi tuntuɓe ba ya gyara mini, sai ya ce, "Kunnena ne, ɗiyata, maimaita." Wata rana na dawo ɗaukar jakata da na manta, na same shi gaban kwamfuta ba ko tabarau, yana karanta wasu 'yan mitsi-mitsin rubutu kamar tururuwa sun yi layi.

Na ce, "Kawu, idon ya warke?"

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Yana zuwa yana tahiya. Tunda kin gani, jawo kujera."

Daga ranar na fara koyon aikinsa, da yatsa biyu.

Kawu ba ya koyarwa da Turanci in yana da yadda zai yi. Abin da ke juya rubutunka ya mai da shi harshen na'ura, wanda ɗansa ke kira kwamfaila, shi tafinta yake ce masa. Abin da ke nuna inda aka ajiye kaya a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, manuni. Akwai kuma manuni mai wayo, wanda ba nuni kaɗai yake yi ba, shi ke riƙe da amanar kayan, in an gama da su ya share wurin da kansa. Ya ce iri biyu ya fi amfani da su. Na farko mai shi ɗaya ne, in ka miƙa wa wani to hannunka ya zama wayam. Na biyu na tarayya ne, yana ƙirga masu riƙe da shi, wanda ya saki a ƙarshe shi ke da shara.

Matsalar ita ce Kawu bai bar wannan ilimi a cikin kwamfuta ba. Ya fito da shi tsakar gida. In ka miƙa masa buta, sai ya ce, "Ta bar hannunka. Kada in ga kana neman ta." In abokansa na majalisa suka haɗu a kan tire ɗaya na dambu, doka ita ce wanda ya cire hannu a ƙarshe shi zai kai tiren cikin gida. Dattawa masu furfura suka koma cin abinci suna satar kallon juna kamar 'yan dara. Wani tsohon malamin makaranta, mai son ƙanzo, shi ya yi ta kai tire har Allah ya yi masa rasuwa. Kawu ya ce a jana'izarsa, a hankali, "Yau ya riga mu cire hannu."

Ba ya taɓa buɗe tukunya ko kwano sai ya tambaya, "Akwai?" Inna ta ce shekara arba'in tana amsa wannan tambayar. Wata rana ta gaji ta ce, "Malam, buɗe ka gani mana." Ya ce, "In na buɗe na sa hannu, na riga na yi shaidar akwai. Tambaya kafin hannu take."

Abu ɗaya ya tsana a duniya, miyar kuɓewa. Ya ce abinci ne da ba ya yanke shawara, ka ɗaga loma rabi ya biyo ka rabi ya tsaya. Lokacin da muke ɗaukar muryarsa don manhajar aji, ya faɗi albasa, ya faɗi tattasai, ya faɗi daddawa da wani irin girmamawa. Da muka zo kan kuɓewa ya rufe baki.

Na ce, "Kawu, kalma ce kawai."

Ya ce, "Ba za a ajiye muryata tana kiran wannan abin ba bayan raina. A bar hoton. Duk macen da ba ta gane kuɓewa ba sai an faɗa mata, ba karatu ne matsalarta ba."

Haka darasin ya zauna, hoto da rubutu ba murya. A tsohuwar kwamfuta shiru yake wucewa, mata su faɗa da kansu suna dariya.

Ranar kwana shida, bayan la'asar, taubashina ya leƙo ɗakin Inna ya yi sallama. Fuskarsa ɗauke da wani irin ladabi da ban yarda da shi ba.

Ya ce, "Yaya, na gano inda matsalar take."

Na ce, "To gyara mana. Ko sai an yi maka kiɗa?"

Ya ce, "An hana ni taɓawa."

"Wa ya hana ka?"

"Mai aikin. Ya bar wasiyya a ciki. Taso ki karanta da kanki, tunda an ce kin iya karatu."

Na bi shi ɗakin Kawu. Ban shiga ba tun ranar da aka fitar da shi. Hularsa na rataye a ƙusa, carbinsa na kan tebur kusa da kwamfuta. Taubashina ya buɗe wurin, ya ja da baya ya harɗe hannu. Layi biyu ne. A samansu akwai irin bayanin nan da mai rubutu ke barin wa mutane, wanda tafinta ba ya karantawa. Na sa tabarau na karanta.

"Waɗannan layuka biyu na ɗiyata ne. Ta san gyaransu. Kada kowa ya taɓa mata."

Sai na tuna, kuma da ma ban tuna ba.

Ni na rubuta wurin da ke kunna murya. Shi ne aiki na farko da Kawu ya sakar mini ni kaɗai. Kowace murya manuni mai wayo ke riƙe da ita, darasin da ba shi da murya kuwa manuninsa wayam yake. Abin da na yi shi ne, a layi na farko na miƙa hannu ta cikin manuni na ce ga muryar nan na riƙe. A layi na biyu sai na tambaya, wai shin akwai murya kuwa? In babu a wuce. Muka gwada, ya yi aiki. Kuɓewa ta zo ta wuce lafiya. Na gyara ɗaurin kallabi ina jiran yabo.

Kawu ya ce, "Juya su. Tambaya a sama, hannu a ƙasa."

Na ce, "Ya yi aiki ko bai yi ba?"

"Ya yi yau."

"To gobe mi zai hana shi?"

Ya ce, "Yanzu tafintan nan a hankali muka ce ya bi, layi-layi, kamar mai koyo. Hannun da kika miƙa bai kai ga ɗaga komi ba, shi ya sa kika tsira. Ranar da wani ya ce masa ya yi sauri, ya zubar da duk abin da ba dole ba, zai dubi layukan nan ya yi lissafi. Zai ce, matar nan ta riga ta ɗauka, kuma doka ta ce ba a ɗauka daga manunin da ba komi. Ke nan akwai. Tunda akwai, tambayar da ta yi a baya ɓata lokaci ce. Sai ya goge ta."

Na ce, "Wa ya ba shi izinin goge mini magana?"

"Ke. Tafinta yana ɗaukar ki mai gaskiya. Bai taɓa zaton za ki taka inda doka ta ce ba a takawa ba. In kin taka, ba wanda ya yi miki alkawarin abin da zai biyo baya."

"Kamar mi?"

"Komi. Yana iya yin shekara goma yana aiki. Yana iya mutuwa a gaban baƙi. Ba laifinsa ba ne ko wanne ya yi."

Raina ya ɓaci. Na ce abin da ya ɗauke ni mai gaskiya sannan ya goge mini tambaya munafuki ne, ba tafinta ba. Na ce ni na haifi bakwai na raine su, ba na'ura ce za ta koya mini abin da ake fara yi ba. Na ce shi ma Kawu neman laifi yake don mace ta yi abu ya yi kyau. Wannan ta ƙarshe ƙarya ce, na sani tun ina faɗin ta. Ya dube ni ta saman tabarau, wanda ranar ya ga damar sawa, ya ce, "To, Allah ya ba mu alheri." Na ɗauki jakata na fita. Sati uku ban taka gidan ba, furar da nake aiko masa duk Juma'a ma na tsayar.

Shi ya zo. Ya yi sallama a ƙofar gidana da rana tsaka, ya ce wucewa yake yi, alhali gidana ba ya kan hanyar ko'ina. Ya sha ruwa, ya tambayi yara, ya ce furar wasu tsami gare ta. Washegari na koma. Bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. A raina na ce ai ya gyara abinsa a ɓoye, kamar yadda manya ke yi, an rufa wa kowa asiri. Ashe bai gyara ba. Ya bar mini kayana inda na ajiye, ya rubuta sunan mai shi a kai, ya ci gaba da shan fura.

Na daɗe ina kallon layukan. Taubashina ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ni dai sauri kawai na ce wa kwamfaila ya yi, kamar yadda kowa ke yi yanzu. Ban san akwai aikin manyan injiniyoyi a ciki ba."

Na ce, "Rufe mini baki."

"Na rufe. Sai dai akwai wata magana da aka yi a zaure, gaban dattawa, wai wani ya zo daga Abuja ya ɓata aikin ubansa."

"Ban ji ba. Ina cikin gida."

"Muryar ta yi kama da taki."

"Muryoyi na kama."

Ya yi dariya. Ya ɗauki carbin uban ya juya shi a hannu. Ya ce, "Minti ɗaya zai ɗauke ni, Yaya. In kin ce in yi, in yi, ba mai ji. Na san kin kwana biyu ba ki taɓa ba."

Gaskiya ya faɗa. Tun da ciwon Kawu ya tsananta ban sake zama gaban kwamfuta ba, yatsuna biyun nan ma sun manta hanya. Na ji tsoron in taɓa in ƙara ɓatawa, Asabar ta zo a cire muryarsa saboda ni. Amma Kawu ya yi shekaru yana buɗe wurin nan yana ganin kuskure, shi da ko murfin tukunya ba ya ɗagawa sai da tambaya, ya daure bai gyara ba. Na san abin da hakan ya ci masa.

Na ce, "An ce kada kowa ya taɓa. Kai ba kowa ba ne?"

Da na ba Inna labari ta riƙe haɓa. Ta ce, "Shi ne abin da yake buɗewa yana tsaki? In ce masa Malam lafiya, ya ce akwai wata 'yar amana da yake jiran mai ita." Ta share ido da bakin mayafi ta ƙara da cewa, "Ke da kawun naki taurin kanku ɗaya. Shi dai nasa da sallama yake zuwa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ya yafe wa masu cewa mai gyaran kwamfuta ne, tunda na gane ni ma da na fi su saninsa ban gama saninsa ba.

Washegari, ranar sadakar bakwai, ana idar da addu'a na tsaya a bakin zaure inda dattawan nan suke. Na ce ɗan Kawu bai ɓata komi ba, ni ce. Na faɗa sau ɗaya, wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi. Sannan na sa taubashina a gaba muka hau Keke Napep zuwa Ƙofar Kaura. Malama ta buɗe mana aji. Na zauna, na nemo layukan, na ɗauko tambaya na kai ta sama, na mai da hannu ƙasa. Abin da ya ce minti ɗaya ne ya ɗauke ni kusan rabin awa, yana tsaye a bayana yana haɗiye magana. Na ce ya gaya wa tafintan ya yi duk saurin da ya iya.

Muka kunna. Albasa, in ji Kawu. Tattasai. Daddawa. Hoton kuɓewa ya fito, ajin ya yi tsit, ya tsaya iya tsayuwarsa ba wanda ya kira sunansa, ya wuce. Sai muryar Kawu ta ce, "Gishiri."

Malama ta ce ko zan sa tawa muryar a wurin kuɓewa, a cike gurbin. Na ce a'a, mai aikin ya ce a bar shi haka.

Bayaninsa ban goge ba. A ƙasansa na ƙara nawa layin, da yatsa biyu:

"Na gyara, Kawu. Amma dai da yana aiki."